Me Ya Sa Fara Ta Fi Shirwa Yawa?

Duk matafiyin da ya bar Abuja ya kama hanyar Lakwaja a tsakiyar hunturu, da ya wuce Gwagwalada ya doshi Kwali da Abaji, da wuya ya yi tafiyar rabin sa'a bai ga daji yana ci da wuta ba. In ya rage gudu ya ɗaga kai, zai ga shirwa suna shawagi a bakin hayaƙin, suna saukowa suna surar fara da ƙadangaru da 'yan ɓerayen da wutar ta koro. Farar da ke tashi daga cikin ciyawa ba ta ƙidayuwa, shirwar kuwa in an ƙirga da ƙyar za ta wuce 20 ko 30. A gefen titin kuma ga buhunan gawayi an jera, an toshe bakunansu da ganye, suna jiran motocin da za su koma birni.

Yaro mai wayo yana iya tambayar mahaifinsa, shin me ya sa fara ta fi shirwa yawa haka, alhali kuwa shirwa ce mai ƙarfi, ita ke cin fara, babu kuma mai cin ta? Tambayar ta yi kama da ta wasa, amma amsarta ita ce ginshiƙin wani fanni na ilmin kimiyya, kuma ta shafi tsadar nama a kasuwar Wuse, da ɓeran da ke shiga rumbun manomi a Kuje, har da ruwan da ke fitowa a famfon mutumin Garki.

Fannin nan shi ne wanda wani Bajamushe mai suna Ernst Haeckel ya raɗa wa suna ikoloji a shekarar 1866, watau nazarin zaman da masu rai ke yi da junansu da kuma wurin da suke zaune. A 1935 wani masanin tsirrai na Ingila, Arthur Tansley, ya ƙara da cewa ba ya yiwuwa a fahimci itace ko dabba sai an haɗa da ƙasa da ruwa da iska da hasken da ke kewaye da su, a ɗauke su duka a matsayin tsari guda. Tafkin Jabi tsari ne irin wannan, haka kurmin da ke bakin kogin Usuma, haka ma gonar doya guda ɗaya a ƙauyen Gbagyi. Abin da ke riƙe da kowane ɗaya daga cikinsu shi ne ƙarfi, wanda ake kuma kira makamashi, kuma tushensa ɗaya ne tak, watau rana.

Babu dabbar da za ta shanya bayanta a rana ta ƙoshi. Allah ya keɓe wannan baiwa ga koren ganye. A cikin ganye akwai wani sinadari kore da ke kama hasken rana, ya yi amfani da ƙarfinsa ya haɗa ruwan da saiwa ta jawo da iskar nan da mutane da dabbobi ke fitarwa wajen numfashi, sai ya ƙera sukari, ya saki iskar oksijin. Daga wannan sukari tsiro ke gina kara da itace da ƙwaya. Saboda haka doyar da aka haƙo a Kwali, da zangarniyar dawa, da ƙwaryar kaɗanya, da gungumen kirya, duk hasken rana ne da aka daskarar aka ajiye. Abin mamaki a nan shi ne ƙanƙantar abin da ganyen ke kamawa. A cikin hasken da ke sauka a kan daji, wanda ke komawa abinci bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba. Sauran yana tafiya ne wajen ɗumama ƙasa da busar da ruwa, ko ya koma sama. Da wannan ɗan kason duk wani mai rai a bayan ƙasa yake rayuwa, in ban da wasu 'yan halittu na ƙarƙashin teku.

Masana sun kira tsirrai masu samarwa, domin su kaɗai ke shigo da sabon ƙarfi cikin tsarin. Kowa bayansu maci ne. Fara da zomo da gada da saniya suna cin tsiro. Ƙadangare da balbela da kwaɗo suna cin macin tsiro. Maciji da shaho da dila kuma suna cin waɗannan. Mataki-mataki ke nan, kowane yana tsaye a kan na ƙasa da shi.

Wanda ya fara auna yawan ƙarfin da ke hawa daga mataki zuwa mataki wani saurayi ne Ba'amurke, Raymond Lindeman. Ya yi shekaru yana zirga-zirga a wani ɗan tafki mai laka da ake kira Cedar Bog a jihar Minnesota, shi da matarsa, rani da damina har da lokacin da ruwan ya daskare, suna ɗebo laka da ciyawar ruwa da tsutsotsi da kifi, suna busarwa suna aunawa. Da ya rubuta sakamakon bincikensa, mujallar da ya aika wa ta fara ƙin bugawa, wai ya cika gina magana a kan tafki ɗaya. Sai da malaminsa Evelyn Hutchinson ya sa baki sannan aka karɓa. Takardar ta fito a ƙarshen 1942, shi kuwa ya rasu a watan Yuni na shekarar, yana da shekara 26, bai ga fitowarta ba. Daga aikinsa ne aka samo ƙa'idar da yanzu ake koya wa kowane ɗalibin sakandare, cewa abin da ke ƙetarawa daga wannan mataki zuwa na sama kimanin ushiri ne, watau kashi 1 cikin 10. Awon da aka yi daga baya a wurare dabam-dabam ya nuna wani lokaci yakan faɗi zuwa kashi 5 cikin 100, wani lokaci ya hau zuwa kashi 20, amma ushirin ya isa a yi lissafi da shi.

To, ina kashi taran ke tafiya? Saniyar da ke kiwo a bayan Dei-Dei ta isa misali. Da farko ba duk ciyawar filin take ci ba, wata ta tattake, wata ta yi mata tauri, saiwar kuma tana ƙarƙashin ƙasa. A cikin wadda ta ci, mai yawa tana fita a kashi ba tare da ta narke ba. Wadda ta narke kuma mafi yawanta ana ƙona ta ne a cikin jiki domin tafiya da tuƙa da bugun zuciya da korar ƙuda da wutsiya da riƙe ɗumin jiki, duk kuwa ƙarfin da aka yi aiki da shi yana fita ne a zafi ya bi iska, ba ya dawowa. Ɗan abin da ya rage shi ne ke zama tsoka da kitse da nono, shi kaɗai ne kuma mahauci zai samu. Haka lissafin yake ga fara, haka ga ƙadangare. Alal misali, in aka ɗauka ciyawar wani fili tana ɗauke da ƙarfi mudu 1,000, farar da ta ci ta za ta tara mudu 100, ƙadangarun da suka ci farar su tara mudu 10, shahon da ya ci ƙadangarun ya tashi da mudu 1. Amsar tambayar yaron ke nan. Shirwa ba ta da yawa domin ragowar ragowa take ci.

Wanda ya taɓa ganin hoton dalar gyaɗa ta Kano zai gane siffar nan da nan. Buhu ɗaya da ke can ƙololuwa yana zaune ne a kan 'yan buhuna, su kuma a kan waɗanda suka fi su yawa, har zuwa shimfiɗar ƙasa mai faɗi. Ba a ƙara wa dala tsawo sai an ƙara mata gindi, in kuwa aka zare buhunan ƙasa, na saman ne zai fara rikitowa. Dalilin da ya sa ke nan matakan ci ba su cika wuce huɗu ko biyar ba, domin bayan nan babu sauran abin da zai riƙe wata halitta.

Wannan lissafi yana bayyana abubuwa da dama da ake gani a kasuwa ba a lura. Kifi da ƙwari jininsu mai sanyi ne, ba sa ɓarnar abinci wajen ɗumama jiki, don haka sun fi dabbobin ƙasa mai da abinci nama. Mai kiwon tarwaɗa a Kuje ko Gwagwalada yakan sami kilo 1 na kifi da abincin da bai kai kilo 2 ba, mai kajin gidan gona kusan kilo 2 yake bayarwa, mai turkar sa kuwa sai ya ninka haka sau uku ko fiye. Shi ya sa naman sa ba zai taɓa yin arahar masara ba, ko da wace gwamnati ce ke mulki. Amma kada a yi wa saniya rashin adalci. Ita tana cin gamba da kyasuwa da karan dawa, abubuwan da cikin ɗan'adam ba ya iya narkarwa, ta mai da su nono da nama. Asara tana shigowa ne in aka ɗauki hatsin da mutum zai ci aka zuba mata.

Sai a dawo kan Abuja ita kanta. Lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Dokar Soja mai lamba 6 a watan Fabrairu na 1976, bayan rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ƙasar da aka yanko daga jihohin Neja da Filato da Kwara ta kai kusan murabba'in kilomita 8,000. Daji ne mai dogayen ciyayi da itatuwa a warwatse, kaɗanya da ɗorawa da maje da kirya da marke, ga kurmi mai duhu a bakin rafuka, ga ƙauyukan Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa. Ruwan sama yana sauka daga Afrilu zuwa Oktoba, fiye da milimita 1,000 a shekara, watau gindin dalar yana da faɗi ƙwarai. Masu tsara birnin sun san da haka, domin taswirar da aka kammala a 1979 ta bar kwaruruka da hanyoyin ruwa da duwatsu a matsayin wuraren da ba a gini. An dawo da gwamnati daga Legas ran 12 ga Disamba 1991. Ƙidayar 2006 ta sami mutum miliyan 1.4 a yankin, daga nan kuwa unguwanni sai bazuwa suke yi ta kowace kusurwa. Kowane fili da aka share aka zuba kankare, an zare buhu ne daga gindin dalar, ambaliyar da ta sha cin gidaje a Lokogoma da Lugbe kuma ta nuna abin da ke faruwa in aka yi gini a inda taswira ta bar wa ruwa.

Manyan maciya nama su ne suka fara shan wahalar wannan, ba a Abuja kaɗai ba, domin kowane ɗayansu yana bukatar fili mai faɗi wanda ba a yanyanka shi da titi da gona ba. Binciken da aka wallafa a 2014 kan zakunan Afirka ta Yamma bai sami zaki a Nijeriya ba sai a wurare biyu, dajin Kainji da na Yankari, jimlarsu kuma ba ta kai 50 ba. Manomi yana iya cewa Allah ya raka taki gona, ba ya kewar zaki ko kura. Maganarsa tana da hujja. Sai dai akwai ƙananan maciya nama waɗanda rashinsu ke shigowa har cikin ɗaki.

Mujiya ce misali na farko. Mutane da yawa in ta yi kuka a kan rufin gida sai a ce mayya ce, a tashi da dutse ko gwafa. Alhali kuwa mujiyar da ke kwana a rumbuna da tsofaffin gine-gine tana cin ɓera uku ko huɗu a dare ɗaya, watau fiye da 1,000 a shekara, ba ta kuma karɓar ladan kowa. Haka macizai da yawa marasa dafi, waɗanda ake kashewa tare da masu dafin don ba a tsaya an bambanta ba. In aka rage waɗannan, aka kuma ƙone dajin da ɓera ke samun abinci, ina zai nufa in ban da rumbu da ɗakin girki? Daga cikin ɓerayen nan akwai wani mai nonuwa da yawa, shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Barno ta yau. Yana barin ta ne a fitsari da kashinsa a kan garin rogo ko hatsin da aka shanya. Kowace shekara a watannin rani cutar ta fi tashi, daidai lokacin da daji ya bushe ko ya ƙone.

Ƙasar Sin ta koyi wannan karatu da tsada. A 1958 gwamnatin Mao ta umarci jama'a su kashe gwara saboda tana cin hatsi. Aka fito da gwangwani da ganguna ana korarsu har suka riƙa faɗowa don gajiya, aka fasa ƙwansu, aka kashe miliyoyi. Ashe gwara da ƙwari take ciyar da 'ya'yanta. Fara da tsutsa suka sami sake, suka auka wa gonaki, aka haɗa da sauran kurakuran manufofin noma na lokacin, yunwar 1959 zuwa 1961 ta kashe mutane miliyoyin da ba su da iyaka. A 1960 sai da aka cire gwara daga jerin abokan gaba aka sa kuɗin cizo a madadinta.

Akwai wata runduna kuma da ba ta cikin matakan dalar, amma duk matakan a hannunta suke ƙarewa, watau masu ruɓar da matattu. A dajin irin na Abuja shugabarsu ita ce gara. Ganyen da ya faɗo, da reshen da ya bushe, da karan da aka bari a gona, gara ke jan su cikin suri, ta narkar da su, ta bar ƙasa mai taki, shi ya sa manoma suka daɗe da sanin cewa shuka ta fi kyau a gindin tsohon suri. Buzuzu yana binne kashin shanu, tana tana huda ƙasa ruwa ya shiga, naman kaza da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna ƙarasa aikin. A nan ne ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Ƙarfi hanya ɗaya yake bi, daga rana ya shigo, ya ratsa masu rai, ya fita a zafi, gobe kuma sai rana ta kawo sabo. Amma sinadaran da jiki ke ginuwa da su, irin su naitirojin da fosfaras da kanwa, ba a aiko da sabbi daga sama kullum. Zagayawa suke yi, daga ƙasa zuwa ciyawa, zuwa saniya, zuwa kashi ko mushe, su koma ƙasa. Masu ruɓarwa su ne ke juya wannan zagaye.

Ungulu ma tana cikin wannan runduna, ga shi kuwa tana ƙarewa. Dattijai sun san lokacin da ba a yanka a mahauta ba tare da ungulaye sun cika rufin kwano ba. Yau yaro yana iya girma a Abuja bai taɓa ganin ta ba. Ana kama ta ana sayar da kanta da fukafukanta ga masu tsibbu, wasu kuma na mutuwa in sun ci mushen da aka sa wa guba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun nan ta gari cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. A Indiya an ga ƙarshen irin wannan hanya. Daga shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allura, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayen ƙasar, domin yana lalata musu ƙoda in sun ci mushe. Mushe ya yi ta ruɓa a fili, karnukan da ba su da masu su suka ƙaru, cizon mahaukacin kare ya ƙaru tare da su. Sai a 2006 aka hana amfani da maganin ga dabbobi.

Wutar daji ita ma tana da nata matsayi, ba kuma gaskiya ba ne a ce duk wuta ɓarna ce. Dajin ciyawa ya saba da wuta tun kafin a kafa kowane gari, itatuwansa ma ɓawonsu mai kauri ne saboda ita. Wutar da aka sa da wuri, a farkon kaka ciyawa tana da sauran danshi, tana bi ne sama-sama ta mutu. Wadda ke yin ta'adi ita ce ta Janairu da Fabrairu, wadda yara masu farautar gafiya ke kunnawa iska na kaɗawa. Ita tana cinye a sa'a ɗaya ƙarfin da ciyawa ta yi wata shida tana tarawa, ba saniya ta ci ba, ba gara ta ci ba. Naitirojin ɗin da ke cikin ganyen yana bin hayaƙi, tokar da ta rage kuma iskar hunturu da ruwan farko su kwashe, ƙananan itatuwa su mutu. An sayar da abincin fili guda ke nan a kan gafiya biyu ko uku.

Gawayin bakin titi kuwa lissafinsa ya fi ban tausayi. In aka tara itace aka rufe da ƙasa aka sa wuta, yadda ake yi a ƙauyukan Kwali da Abaji, buhu ɗaya na gawayi yana cin itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye, fiye da rabin ƙarfin da ke cikin itacen yana tafiya a hayaƙi tun a daji. Itatuwan da aka fi so su ne masu tauri, kirya da marke da kaɗanya, su ne kuma masu jinkirin girma. Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Duk da haka ba daidai ba ne a ɗora laifin a kan mai sara ko a kan matar da ke hura gawayi a Nyanya. Kananzir ya fi ƙarfin talaka tun da daɗewa, iskar gas ta bi sahu, tsadar sufuri bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ta ƙara dagula lissafi. Wanda ke son a bar itace a daji, wajibi ne ya fara da tambayar abin da za a dafa tuwo da shi.

Birni kansa, in aka dube shi da idon wannan ilmi, maci ne wanda ba ya samarwa. Doyar Binuwai da tumatirin Kano da shanun Yobe da lemon da ake saukewa a Zuba, duk hasken rana ne da ya sauka a gonakin wasu jihohi aka loda a mota. Man da motar ke sha ma hasken rana ne, na 'yan halittun ruwa da suka mutu aka binne tun miliyoyin shekaru. Matsalar ita ce zagayen sinadaran nan ya katse. Ɓawon doya da ruɓaɓɓen tumatir da toka suna tafiya juji a Gosa, a cakuɗe da leda da kwalba, ba sa komawa gonar da suka fito, manomin kuma ya sayi takin zamani da tsada don ya cike gurbin. Kanawa sun daɗe da sanin maganin wannan. Shekaru aru-aru jakuna suna fita daga cikin birnin Kano da mangala cike da shara da toka da kashin awaki zuwa gonakin karkara, su komo da itace da hatsi, wannan ne ya sa ake noma ƙasar kewayen Kano kowace shekara ba hutu ba ta mutu ba, kamar yadda masanin ƙasa Michael Mortimore ya nuna a bincikensa. Abin da jaki ya yi wa Kano bai fi ƙarfin hukumar tsabtace muhalli ta Abuja ba, in har za a raba sharar da ke ruɓa da wadda ba ta ruɓa tun daga kasuwa.

Sinadarin da bai koma gona ba kuwa sau da yawa ruwa yake faɗawa. Tafkin Jabi, wanda aka datse a farkon shekarun 1980 don bai wa sabon birni ruwa kafin madatsar Usuma ta fara aiki, yanzu gidaje da kantuna sun kewaye shi. Duk tafkin da ruwan kwata da takin zamani ke gangarawa cikinsa, gansakuka da kainuwa sukan sami abinci fiye da kima su rufe fuskar ruwan. In sun mutu sun nutse, masu ruɓarwa su shanye oksijin ɗin ruwan wajen cin su, sai karfasa ta rasa numfashi, a bar tarwaɗa mai iya shaƙar iskar sama. Wannan shi ne abin da ya kamata a riƙa tsaro a kai a rafukan da ke gangarowa daga Bwari da Ushafa da Mpape, domin tafkin Usuma shi ne randar da birnin ke sha.

Guba kuma tana hawa dalar ne ta hanyar da ta saɓa wa ƙarfi: shi yana raguwa, ita tana taruwa. Tsakanin 1955 da 1960 ma'aikatan lafiya na Jihar Arewa sun riƙa zuba DDT a kogunan ƙasar Abuja ta dā, watau Suleja ta yau, don kashe tsutsar wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu, wanda cizonsa ke kawo makantar bakin kogi. Niyya ce mai kyau, ƙudan kuma ya ragu. Sai daga baya duniya ta gane cewa irin wannan magani ba ya narkewa, a kitse yake maƙalewa. Ƙaramin kifi ya ci ƙwari dubu ya tara gubarsu, babban kifi ya ci ƙanana ɗari ya tara tasu. A wani tafki na Kalifoniya mai suna Clear Lake, inda aka zuba ɗan'uwan DDT a 1949 da 1954 da 1957, an sami gubar a kitsen tsuntsaye masu cin kifi ta ninka ta cikin ruwan sau dubbai, tsuntsayen suka yi ta mutuwa. Amurka ta hana DDT a gonaki a 1972, makantar bakin kogi kuma tun 1987 da ƙwayar Mectizan ake yaƙarta. Masuncin da ke zuba gamalin ko maganin feshin gona a rafi don kifi ya taso, ya kamata ya tuna wane ne ke zaune a ƙololuwar wannan dala, domin shi ne da iyalinsa da wanda ya sayi kifin.

Gindin dalar yana iya sake faɗaɗa, an kuwa gani a ƙasar Hausa. A Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, inda ruwan sama bai kai rabin na Abuja ba, fari da sara sun bar gonaki fayau a farkon shekarun 1980. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Manoma suka fara barin reshe ɗaya ko biyu mafi ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran, suka kira abin sassaben zamani. Cikin shekara 20 aka ƙiyasta gonakin da suka sake yin itatuwa a kudancin Nijar sun kai kadada miliyan 5, gawo da kalgo da sabara suna ba da inuwa da taki da harawa da itacen girki, ba tare da an dasa ko an yi ban-ruwa ba. Kututturan marke da maje da kaɗanya da masu gawayi suka bari a Kwali da Abaji da Kuje yawancinsu suna toho da ruwan farko, tohon kuma yana girma da sauri fiye da dashe saboda tsohuwar saiwa ce ke ciyar da shi. Abin da ke kashe shi wutar Janairu ce da addar mai sharar gona a watan Maris, don haka malaman gona na ƙananan hukumomin nan shida, in za su kai wa manoma wannan dabara, kafin sharar gona ya kamata su isa ƙauyukan.